Motar da Kawu Bai Taɓa Gani a Gareji Ba

Kawu ya fara tuƙi tun bai fara aske gemu ba, amma duk motar da ya taɓa riƙe sitiyarinta ta wani ce. Ya soma da akori-kurar wani gidan burodi, ya koma wajen wani ɗan kwangila mai canza mota kamar riga, daga baya ya samu aiki a asibiti, inda ya ja motar ɗaukar marasa lafiya har kansa ya yi fari. Kullum da yamma sai ya rataye makulli a ƙusar ofis, ya tako gida da ƙafa. Da ya ajiye aiki aka ba shi haƙƙinsa, kowa a dangi ya san inda kuɗin za su tafi, don ya daɗe yana faɗa: zai sayi mota tasa ta kansa, wadda makullinta zai kwana a aljihunsa.

Damina ta wuce, wata ta zo, ba mota. Ba rowa ce ta hana shi ba, sanin da ya yi wa motoci ne ya yi yawa. In aka ce 'yar Jamus, sai ya ce jikinta kam ƙarfe ne, amma ran da wayarta ta rikice sai mai ita ya rame. In aka ce 'yar Faransa, ya ce tana shanye ramuka kamar katifa, sai dai tana tsufa da wuri ta wajen giya. 'Yar Japan kuwa, wadda kowa ke yaba mata da daɗewa, ita ya fi ƙi, kuma yana da hujjarsa.

Hujjar ita ce gareji. Kawu ba ya zuwa inda ake sayar da motoci, ya ce can an wanke su an shafa musu mai kamar masu jiran baƙi. Shi garejin kanikawa yake bi, ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya, yana leƙa waɗanda ke kwance a kan duwatsu ba tayoyi. A ganinsa, irin motar da ta fi yawa a gareji ita ce raguwa, kuma duk inda ya shiga 'yan Japan ne jere, baki buɗe. Tsohon abokinsa, bakaniken da ake kira Baƙin Mai saboda launin farcensa, ya sha gaya masa cewa sun fi yawa a gareji ne don sun fi yawa a titi. Kawu sai ya ce ai dole ya kare su, su ke ciyar da shi.

A gida kuwa zama ya gagare shi. Ya zauna a kujerar tsakar gida, ya miƙe, ya kunna rediyo, ya kashe, ya ɗauki hula. Inna, matarsa, takan ce tun da ya bar aiki ba ta ga ya gama shan shayi a zaune ba. Ita ce ta fara lura da cewa yana zuba ruwan zafi a gefen kofi, kuma ya fara laluben dokin ƙofa da ƙafa kafin ya tsallaka. Auta, ƙaramar 'yarsu da ke aiki a kantin magani, ta ja shi zuwa wajen likitan ido. Likitan ya yi magana a hankali: jijiyar idon ce ke mutuwa daga gefe zuwa ciki, maganin ɗigawa zai rage mata gudu, amma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Kawu bai tambayi komai ba sai ko zai iya tuƙi. Likitan ya ce a yanzu dai, da rana, a hanyar da ya sani.

Daga ranar sai yawon ya ƙaru. Yakan fita da hantsi ya dawo hannun riga duk maiƙo, ya ci abinci a tsaye, ya sake fita. Auta ta roƙe shi ya sayi ko wacce ce, tunda ido ba zai jira shi ba. Ya ce daidai wannan dalilin ne ya sa ba zai sayi wadda za ta kwanta masa ba, don ba shi da lokacin jinyar mota.

A wajen wani dillali ya gan ta, can ƙarshen fili bayan wasu manyan motoci: doguwa, koriya, mai faɗin goshi, ƙirar wata ƙasa mai sanyi. Ya zagaye ta, ya kai fuskarsa dab da tambarin, ya shafa shi da yatsa. Duk garejin da ke garin ya taka, bai taɓa ganin irinta a kwance ba, ko sau ɗaya. Dillalin ya matso kusa da shi, ya ce, “Alhaji, wannan ba ta san hanyar gareji ba.” Kawu bai shawarci kowa ba. Da la'asar mutanen layi suka ji hon a ƙofar gida.

'Yan kwanakin da suka biyo baya, Inna ta ce kamar an mayar mata da mijin da ta aura. Ya kai ta gidan ƙanwarta, ya kai jikoki makaranta, ya kai maƙwabci asibiti ba a roƙe shi ba. Ya wanke motar da safe, ya goge ta da yamma. Sai wata rana a tsakiyar titi ta yi tari biyu, ta yi shiru. Aka turo ta har garejin Baƙin Mai.

Baƙin Mai ya buɗe gaba, ya daɗe yana kallo, ya ce famfon mai ne, ƙaramin abu, da a ce 'yar Japan ce da kafin Kawu ya gama gaisawa da mutane an ɗaura wani. Kawu ya ce to a ɗaura.

“A ɗaura me, mutumina? Wa ke da shi?”

“Ni dai ban taɓa ganin irinta a garejin kowa ba.”

“Yo ina za ka gan ta? Tun daga bakin ƙofa muke sallamar mai ita. Ba mu da kayanta, ba mu da sufanar da ke kama ta. A gidajen masu su suke kwana, an lulluɓe su.”

Haka aka ja ta zuwa gida, aka lulluɓe ta da tamfol a gindin katanga. Aka bi masu sayar da kayan gyara shago shago, kowa ya juya tsohon famfon a hannu ya girgiza kai. Daga ƙarshe wani ya yarda zai yi odarsa daga waje, ya ce sai an yi haƙuri. Na farkon da ya iso bai shiga ba, aka mayar.

Wannan jiran shi ya fi komai cin Kawu. Ya daina zuwa gareji, don ba ya son dariyar kanikawa, amma ƙafarsa ba ta daina tafiya ba. Daga ɗaki zuwa ƙofar gida, daga ƙofar gida zuwa shagon mai oda, ya dawo ya ɗaga tamfol, ya duba iskar taya da dunduniya. Yakan tsaya a bakin titi ya rufe ido ɗaya ya gwada karanta allon kantin da ke tsallake, in ya ji motsin Inna sai ya yi kamar hula yake gyarawa. Da farko allon yake karantawa. Daga baya launinsa kawai yake iya faɗa.

Ran da famfon gaskiya ya iso, Baƙin Mai da kansa ya zo gida ya ɗaura, bai yi tsokana ko ɗaya ba. Mota ta tashi lafiya lau. Kawu ya sa farar riga, ya shiga, ya gyara kujera, ya gyara madubin da ba ya nuna masa komai. Auta ta zauna a gefensa. Ya saki kuloci a hankali, motar ta mirgina kaɗan, sai ya taka birki. Akwai turken fitila a bakin kwata, ya san yana nan shekara da shekaru, amma ya juya kai hagu da dama bai same shi ba. Wani mai keke ya gifta, sai da ya wuce gaban motar sannan Kawu ya gan shi.

Ya daɗe riƙe da sitiyari, inji na ta aiki. Inna na tsaye a ƙofa.

“Auta, an ce kina jan motar kantinku.”

“Ina taɓawa, Baba.”

Ya ja birkin hannu, ya fito yana dafa jikin motar, ya zagaya ta gaba zuwa ɗaya ƙofar. Auta ta matsa ta zauna a mazauninsa, ta jawo kujerar gaba. Da suka hau titi ƙafarsa ta dama sai danna ƙasa take yi, hannunsa na neman giyar da ba ta gefensa.

“Sa ta uku,” ya ce. “Ba kya jin tana roƙonki?”

Ta sa. Ya ɗan jingina, sannan ya sake miƙewa zaune, ya ce ta bi babban titi, kada ta yi saurin juyowa gida.