Jan Bunsurun da Na Kai Gida

Ni dai tun ina ƙarami ba a taɓa zargina da ƙarancin magana ba. Inna takan ce ungozoma ba ta gama yanke mini cibi ba na fara ba ta labarin inda na fito. Amma akwai wasu kwanaki da bakin nan nawa ya ƙi ni ƙememe, kuma bunsuru ne ya jawo.

Mu Maguzawa ne. Gidanmu na can cikin gonaki bayan Tafoki, rumbuna sun fi ɗakuna yawa. A tsakar gida akwai jigo, wani itace mai baki biyu da aka kafa tun zamanin kakan kakana, a gindinsa ake yi wa kan gida yanka. Kan gida shi ne iskan da ke tsaron zuriyarmu, kuma yana da zaɓe kamar ɗan gata. Ba ya karɓar komai sai jan bunsuru, ja sak, wanda babu ɗigon fari ko baƙi a jikinsa.

Shekarun da kuɗin mai suka ɓarke, duk saurayin da ke da ƙafa biyu ya jefar da fartanya. Ni ma na bi kamfanin hanya na zama lebura wajen Ƙanƙara. A can na haɗu da wani tsoho mai bishara. Kuturta ta cinye masa yatsu kafin ya warke, Littafi Mai Tsarki ma tsakanin dungulmin hannuwansa yake riƙe shi. Majami'arsa ɗan ɗakin ƙasa ne wanda in mutum ya yi atishawa a gaba, na baya ne zai share fuska. Na fara zuwa ne don in samo abin ba abokai dariya. Ban san yadda aka yi ba, ni da na je kallo sai ga ni ina zama har a tashi, har ranar da aka yi mini baftisma a wani gurbin ruwa.

Da labari ya kai gida, Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da na ji sauƙi. Na je gaishe shi, ya amsa da "lahiya" ɗaya, ya ci gaba da tufkar igiyarsa. Na koma wurin aiki, damina guda ban sake leƙa gida ba.

A lokacin, abin da na ɗauka shi ne zama Kirista: ka bar giya, ka sa wando mai faɗin ƙafa, ka iya waƙa. Duk na yi. Nawa wandon ma in iska ta kaɗa sai an riƙe ni. Amma cikina fayau. Abokan aikina Musulmi suna ce mini arne mai littafi. Kiristocin kamfani da suka zo daga kudu su dube ni sama da ƙasa, su ce Bahaushe kuma Kirista? A gida kuwa an ce na ɓata. Kowa yana da abin da zai kira ni da shi, ni kaɗai ne in na kwanta ban san wane ne ya kwanta ba.

Da Kirsimeti ta gabato, aljihu ya yi nauyi, sai na ce bari in nuna wa duniya. Zan je gida da dabbar da ba a taɓa gani ba, a yanka, a ci, a san cewa wanda aka ce ya ɓata bai lalace ba. Na sauka kasuwar Sheme, na ce wa dillali ya nuna mini wanda ya fi kowa.

"Yaro, kuɗi gare ka ko baki?"

"Alhaji, duka biyun. Bakin ma ragi nika nema mishi."

Ya jawo mini wani bunsuru. Jama'a, na ga bunsuraye, amma wannan da an ɗaura masa sirdi da ya kai ni gida. Gemunsa ya fi na dillalin, warinsa kuwa ya riga mu isa Tafoki da wuni guda. Girmansa na duba, da yadda mutane ke juyowa suna kallona. Launinsa bai ko zo mini a rai ba, ni da aka haifa a gindin jigo.

Da la'asar na doshi gida ina jansa, ko in ce yana jana. Baba na zaune ƙofar gida. Ya ɗaga kai, ya dube ni, ya dubi dabbar, sai ya miƙe tsaye har sandarsa ta faɗi bai kula ba. Ya zagaya bunsurun, ya buɗe gashin cikinsa, ya duba bayan kunnuwa da ƙasan wutsiya. Sannan ya kama wuyan hannuna da hannu biyu. Ban taɓa ganin hawaye a idon mutumin nan ba, ko ranar da aka binne ƙanensa.

"Ka dawo," in ji shi. "Ashe ya ji ni."

Ya karɓi igiyar da kansa, ya ja bunsurun har tsakar gida, ya ɗaure shi a jikin jigo.

Inna ce ta ja ni bayan rumbu ta warware mini. Tun ranar da aka ce na shiga ruwan Kirista, Baba ya durƙusa gaban jigo ya yi alkawari: in kan gida ya maido masa da ɗansa, zai ba shi jan bunsuru. Ya yi ta cigiya kasuwa-kasuwa bai samu ba, kowanne sai an ga ɗigo. Yau ga ɗan, ga bunsurun, a igiya ɗaya.

"Kai dai ka yi mamu komi," in ji ta, tana share ido da bakin zane. "Bari in jiƙa dawa, giyar wanga buki sai an ji ta har Daudawa."

Na bar ta ta tafi jiƙa dawarta.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, ban taɓa jin daɗin ubana kamar a kwanakin nan ba. Mutumin da ke ƙirga kalmominsa kamar iri a shekarar fari, sai ga shi yana kirana mu zauna inuwa ɗaya. Ya ba ni labarin farautar ƙuruciyarsa. Na ba shi na kamfani, na ce akwai motar da ke haɗiye dutse ta yi kashin hanya, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ɗan banza, ƙaryarka ba ta rame ba." Ya nuna mini gonar da zai yanka mini. Ya aika wa dangi a Sabuwa cewa su zo. Dawa kuwa ta yi tsiro, Inna ta shanya, ta niƙa, manyan tukwane suka hau wuta. Kullum in ce yau zan faɗa, in dubi fuskarsa, in ce gobe. Bunsurun yana gindin jigo yana tuƙa, yana kallona kamar ya san komai.

Ana jibi buki na ari keke na tafi wurin tsohon nan mai bishara. Na same shi yana ba kaji tsaba. Na zayyana masa duka, sannan na shiga kawo dabaru, don a nan Allah bai rage ni ba.

"Malam, in na bari aka yanka, ni kuma ina addu'a a zuci hwa?"

"Wa za ya riƙe ƙafafun dabbar?"

"Ni, ɗan fari."

"To."

"In na kwance shi na ce ya tsere? Ko in ɗiga mishi farar ƙasa a ciki in ce ga ɗigo?"

Ya yi dariya har kajin suka watse. "Kai, da wayo na kai mutum sama, da kai za ka buɗe mamu ƙofa. Zauna. Mi kake tsoro?"

Na ce in na bari an yanka, Allah zai yar da ni. In na hana, Baba zai yar da ni. Ko ta ina dai ni abin yarwa ne. Na ce ni da ma ban san ko Kiristan kirki ne ni ba, wando ne kawai da waƙa.

Ya ɗaga hannuwansa biyu ya sa mini a gaban ido. "Dubi nan. Lokacin da ciwon nan ya kama ni, uwar da ta haife ni a sakaina take turo mani tuwo da ƙafa. Ban ga laifinta ba. A haka Yesu ya same ni. Mi na kai mishi? Kan gidanku sai ya duba bayan kunne da ƙasan wutsiya kahin ya karɓa. Wanga bai duba ni ba, da ya duba da bai ɗauka ba. Jinin da ake nema shi ya zuba nashi, an gama. Kai kuma ka tahi Sheme sayen abin da za ya sa a ce kai wani ne."

Ya sauke hannuwansa, ya ci gaba.

"Ba ka sayi Yesu da wando ba, ba kuma za ka ɓatar da shi da rawar gwiwa ba. Alheri ne, kyauta aka ba ka. Kai nashi ne tun kahin ka iya waƙa ko ɗaya. To wanda ya san yana da gida ba ya yi wa ubanshi ƙarya don a bar shi ya kwana a zaure. Tahi ka hwaɗa mishi gaskiya. Kuma ka durƙusa, ubanka ne."

Ba zan ce na ga haske ko na ji murya ba, ko da yake in da ina son ƙari, nan ne wurinsa. Abin da na sani shi ne, a kan keken nan na daina lissafin abin da zan nuna wa mutane. Tsoron bai tafi ba. Sai dai a ƙarƙashinsa na ji akwai inda ƙafata ta taka, kuma ba ni na gina wurin ba.

Da safe na sami Baba yana wasa wuƙa a kan dutse. Ƙanshin giya ya cika gida, baƙin Sabuwa har sun fara isowa. Na durƙusa.

"Baba, bunsurun nan na Kirsimeti na sayo, don mu ci tare. Ban san da alkawarinka ba. Wurinka na dawo, ban dawo wurin jigo ba. Ni na Almasihu ne, ba zan riƙe ƙafa ba."

Wuƙar ta tsaya. Ya daɗe yana kallon bakinta.

"Kwanakin ga duka?"

"Na kasa hwaɗi, Baba."

"Ka bar ni na yi ta dariya."

Wannan kalma ta fi mini bulala. Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta tsaya. Wani kawuna ya ce a yanka kawai, ai dabba ta riga ta shigo gida. Baba ya girgiza kai.

"Cewa na yi in ya maido mani da ɗana. Bai maido ba. Ba ni ba shi ladan aikin da bai yi ba, ba ni kuma yi mishi ƙarya."

Ya tashi ya kwance igiyar daga jikin jigo, ya naɗe ta a hannuna da kansa, a hankali, kamar yadda yake yi mini sa'ad da nake koyon kiwo.

"Ɗana ne kai, ba ni musu, kunnuwan ma nawa ne. Gona tana nan in kana so. Amma hitar mani da shi."

Na ja bunsurun ta tsakiyar baƙi, kowa ya buɗe mana hanya. Wanda ya jawo ni da gudu ranar zuwa, ranar nan sai ya turje, na yi ta fama da shi a ƙofar gida ina kuka kamar yaron goye, babu wanda ya yi dariya. A majami'a aka yanka shi. Masu bi suka ci suka yi waƙa, ni ma na yi waƙar, da gaske kuma nake yi, amma naman ko yanka ɗaya ban ci ba.

Na karɓi gonar, na noma ta kusa da tasa shekara da shekaru. Muna gaisawa, in ya yi ciwo ni ke goya shi zuwa asibiti. Ban sake shakkar ko ni na wane ne ba, ko a ranar da na fi kowa lalacewa. Sai dai duk kaka, in an fara girbi, Baba yakan durƙusa gaban jigo ya sabunta alkawarinsa da ƙarfi yadda zan ji daga gonata. Ni kuma in ajiye lauje, in yi masa tawa addu'ar. Haka muka yi ta roƙo a kan juna, shinge ɗaya tsakaninmu, har shekarar da ya rasu.