Yadda Lurwanu Ya Ƙwato Sunansa a Rogo

Ana ta yaɗawa cewa taubashina Lurwanu ya tura aljani cikin kwamfutar Maikuɗi na Rogo, aljanin ya haɗiye shagonsa har da kwaɗon ƙofa. Ƙarya ce! Mutumin da ƙadangare ke kora ina shi ina aljani? Abin da ya yi ya fi haka mugunta.

A 1998 Lurwanu ne mai buga takardu da kwamfuta a Karaye, ga rowa ga baƙar zuciya. Ya shekara yana ƙwaƙular injin nan har ya haɗa wani tsarin kwamfuta mai fitar da lokutan salla. Abin mamaki, ya sake shi kyauta, amma da sharaɗi a fuskar farko: kowa ya kwafa, ya gyara yadda yake so, sai dai ya bar sunan Lurwanu, kuma abin da ya gyara shi ma ya zama na kowa.

Maikuɗi, abokin sana'arsa, ya karɓa da godiya. Ya ƙara watannin Musulunci, ya goge sunan Lurwanu, ya dasa nasa, ya hana kwafa sai an biya shi.

Da labari ya iso, Lurwanu ya ƙaurace wa tuwo, hayaƙi na fita ta kunnensa, na gani da idona. Ya samo kwafin gyararren, ya mayar da sunansa da haruffa kamar raƙuma, na Maikuɗi a ƙasa kamar ƙwarƙwata. Ya hau babur ranar kasuwar Rogo, ya kafa benci daf da ƙofar Maikuɗi, yana raba faifan tsarin kyauta. Har mutanen Ruwan Bago da ba su san lantarki ba sai da ya cusa musu.

Maikuɗi ya garzaya wurin dagaci, wai an sace guminsa. Lurwanu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, tunkiya na ba shi kiwo da sharaɗi. Don ta haihu a garkensa sai sharaɗin ya mutu?"

Dagaci ya ce gyaran na Maikuɗi ne, a bar masa sunansa, amma sharaɗi yana bin 'ya'ya har jikoki. Da kowa ya samu kyauta, cinikin Maikuɗi ya mutu, shagon ya rufe.

Na tare Lurwanu na ce, "Sarkin riƙo, duk wannan yaƙi a kan abin da kwamfutocin da ke buɗe shi ba su cika tabarma ba?"

Ya harare ni ya ce, "Kai da ko a bayan kurar ruwa ba a taɓa rubuta sunanka ba, ina za ka san zafin gogewa?"