Kawuna da garuruwan albasa

Duk Sabon Gari sun ɗauka kawuna duba yake yi, kuma duk sun yi kuskure. Ba ya jefa wuri, ba shi da ƙasa a faifai, ba ya kiran kowa da dare. Shekara ashirin da wani abu ya yi yana jan kamiyo, babbar motar kaya, cike da albasa daga nan zuwa bakin teku, shi ke nan asirin.

Shekarar da aka yi gasar balo, wato ƙwallon ƙafa, ta ƙasashen Afirka a Kodibuwa abin ya fara. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga ya aje tuƙi, idonsa ɗaya ya yi rauni. Aikinsa riƙe mabuɗin masallacin unguwa: ya buɗe, ya share, ya cika butoci. Wannan mabuɗi ya fi masa komai. A Tsibiri aka haife shi, a gidan da har yanzu wasu ke bin al'adar kakanni, kuma ya sha jin ana yi masa gori da hakan.

Da la'asar maza na taruwa wurin mai shayin da ke ƙofar gidanmu, don yana da tele, inda ake kallon wasa. Ni ina gefe da tukunyar awara, ina ji. Kowa na lissafa ƴan wasa, wane yana bugawa a Turai, wane ya ji ciwo. Kawu bai san sunan ko ɗaya ba. Tambaya biyu kawai yake yi: a wane gari za a yi, kuma da ƙarfe nawa.

In aka ce Korogo, sai ya ce mutanen Sahel za su sake, iskar can irin tamu ce. In aka ce Abijan da rana tsaka, sai ya girgiza kai.

"Waɗanga na arewa ba su kai ƙarshe. Bayan hutun rabi ƙafarsu za ta yi nauyi."

Haka kuwa ake yi. Sau huɗu a jere na ƙirga da kaina. A na biyar mai shayi ya fara ce masa "malamin Tsibiri" yana dariya. Wasa ne a bakinsa, amma maganar ta bar wurin shayi ta shiga gidaje, a can kuma ba wanda ya yi dariya. Wata mata har ta zo da goro tana so ya duba mata ɗanta da ke Agadas. Kwana biyu bayan haka liman ya kira shi gefe, ya ce saboda wannan magana ta duba dattawa za su zauna ran Juma'a a kan batun mabuɗi.

Ni ba ni da haƙuri. Na same shi a zaure yana gyaran tsintsiya, na ce, "Kawu, don Allah mi kake gani wanda su ba su gani?"

"Ɗiyata, ba ni ganin komai. Albasa na sani."

Sai ya bayyana mini, yana ɗaure tsintsiyarsa. Albasar da aka loda a bushe tana lafiya har Korogo. A Buwake take fara zufa. In ka isa Abijan, dole ka ɗage tanti ka ba ta iska, in ba haka ba buhun ƙasa ya ruɓe kafin a sauke. Ya ce shi kansa a can rigarsa ba ta bushewa, numfashi kamar ta cikin tsumma jiƙaƙƙe. To mutumin da ya tashi inda iska ta bushe, a ce ya yi gudu awa ɗaya da rabi a wannan wuri?

Na yi lakkwal, makarantar boko, har aji na bakwai, an koya mana taswira da yanayin ƙasashe, na ci jarrabawa, amma ban taɓa haɗa su da balo ba. Shi da bai taɓa zama a aji ba ya haɗa su da fatar jikinsa.

Na ce, "To ka faɗa musu mana!"

Ya ce, "Wa zai tsaya yi wa manya bayanin zufa? Ai kowa ya san zufa."

Nan ne ya ba ni haushi. Shi a ganinsa abin ya yi sauƙi har ba ya buƙatar faɗa.

Washegari ya yi kuskure. Ya ce wata ƙasa za ta faɗi, sai hadari ya taso a can kafin wasa, gari ya yi sanyi, suka ci. Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da kuskurensa haka ba. Ya miƙe yana cewa, "Kun gani ko? Ban san gaibu ba!" Mai shayi ya ce, "A'a, Baba, aljanun ne suka tafi kasuwa yau." Aka bushe da dariya. Kawu ya koma ya zauna, shayinsa ma ya huce a kofi.

Da muka shiga gida na tsare shi, na tambaye shi ko akwai wanda suka yi wannan hanya tare. Ya ce saura mutum ɗaya, wani tsohon direba a Jiratawa, alhaji ne, liman ma ya san shi. Amma kar in dame shi, ƙafarsa na ciwo.

Juma'a saura kwana biyu. Na gaya wa mahaifiyata gobe ba zan soya awara ba. Zan hau kabu-kabu da sassafe in tafi Jiratawa, in roƙi tsohon nan ya zo ya zauna gaban dattawa ya faɗa musu inda albasa ke fara zufa. In ƙafar ta hana shi hawa babur, in nemo masa mota.