Butar Gahawa Mai Girman Gyaɗa

Mahaifiyata ta rasu da laƙabin da ba ta taɓa amsawa ba. A Sharafiyya, nan ƙasa mai tsarki, matan unguwarmu, Hausawan Sudan irinmu, "mai buta" suke ce mata a bayan idonta. Ko a zaman makokinta sai da na ji wata ta faɗe shi ƙasa-ƙasa tana miƙa faranti.

Laƙabin ya samo asali ne daga wani gida a Abhur, unguwar masu kuɗi, inda Inna ta yi aikatau ina ƙarama. Matar gidan tana da gidan 'yar tsana da aka ƙera mata da siffar tsohon gidan kakanninta na Balad, wato tsohon cikin gari. Tsayinsa ya kai ƙirjina a lokacin. Tagoginsa na katako suna buɗewa, dardumar falon ba ta fi tafin hannu ba, ga wani tiren azurfa ɗauke da butar gahawa mai girman ƙwayar gyaɗa. Inna ce mai goge shi. Ni kuwa ko numfashi ba a yarda in yi kusa da shi ba.

Wata rana butar ta ɓace. Aka zazzage jakar Inna a tsakar gida, aka kwance mata ɗankwali a gaban direba da mai gadi, ni kuma aka sa na buɗe baki aka leƙa. Ba a samu komai ba, amma duk da haka aka sallame ta. Labari ya riga mu isa Sharafiyya. Matan da ke sama wa juna gidajen aiki suka daina nemanta, kowacce na tsoron a ce ita ta kai ɓarauniya. Inna ta ƙare rayuwarta tana sayar da yaji da kuka a bakin titi.

Bara na je Balad sayen turare, zafi ya koro ni cikin wani tsohon gida da aka mayar gidan tarihi. A bene, cikin akwatin gilashi, sai ga gidan 'yar tsanar nan. Butar na zaune a kan tirenta tana ƙyalli. 'Yar matar gidan, wadda muka kusa zama sa'o'i, ta girma har da tabarau, tana yi wa baƙi bayani. Ta nuna butar tana dariya ta ce an taɓa juya gidansu kaf saboda ita, ashe tana cikin aljihun rigarta ta makaranta, bayan sati aka gan ta wajen wanki. Baƙin suka yi dariya.

Na sauka daga benen na fita. Na koma gida, kuma ba yafiya nake tunani ba.

Da Asabar ta zagayo na ɗauki motar haya, na bi gida-gida na kwashi matan da suka rage, na ce yawon buɗe ido za mu, na kai su gidan tarihin. Har da tsohuwar da muke kira Gwaggo, wadda a bakinta aka fara jin laƙabin. Da sanda ta hau benen tana nishi, ban kama mata hannu ba.

Na gaishe da mai tabarau cikin ladabi, na roƙe ta labarin butar. Ta sake ba da shi da dariyarsa. Duk matan suna jin Larabci, amma na maimaita da Hausa, a hankali, da ƙarfi. Sannan na juya gare ta.

"Ni ce yarinyar da aka leƙa wa baki. Mai aikin da kuka kora uwata ce. Kun ga butar bayan sati, ba wanda ya tako ya gaya mata."

Fuskarta ta sauya. "Wallahi ina ƙarama a lokacin," in ji ta. "Halas, ya wuce, Allah ya jiƙanta." Ta buɗe gilashin, ta ɗauko butar da yatsu biyu ta miƙo mini.

"Mayar da ita," na ce. "Akwai waɗanda ba su samu zuwa ba yau. Zan kawo su, kuma ke za ki gaya musu."

Ta mayar da butar ba musu, na kuwa ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

A matakala Gwaggo ta riƙo gefen abayata. "'Yar nan, ki yafe mana."

"Gwaggo, mai yafewar tana kabari. Ke dai faɗi sunanta, na yanka, in ji."

Ta saki abayata. Ta dubi ta kusa da ita, waccan ta sunkuyar da kai. Sun ci tuwo da Inna a kwano ɗaya, sun yi mata wankan gawa, amma ashe sunan ya ɓace musu.

Na faɗe shi da ƙarfi har mai tsaron ƙofa ya ɗago kai. Sannan na tare matakalar da jikina, ban bar kowa ta sauka ba sai da ta maimaita shi.