Jan Irin da Na Sayar wa Yohanna

Ni a da mai awo ne a kasuwar hatsi ta Funtua. Ina da rumfata, ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba. Na faɗi wannan tun farko ne saboda na gaji da jin samari suna cewa talauci ke sa mutum cuta. Ni dai kwaɗayi ne ya kai ni gidan yari.

A bakin rumfata akwai wani mai ɗinkin buhu, Yohanna, mutumin wani ƙauye ne a bayan Malumfashi. Ubansa Bamaguje ne, har ya mutu yana kan addinin kakanninsa, shi kuwa ya zama Kirista tun yana saurayi. Mun daɗe tare. In na tafi Azahar shi ke tsare mini kaya, ko ƙwaya ba ta ɓata. Amma mutumin nan yana ba ni haushi. Ranar da na bubbuga gindin tiyata da dutse don ta riƙa rage awo, bai ce mini ɓarawo ba. Cewa ya yi, "Aboki, tiyarka ta lotse, kawo in gyara maka." Ya sa guduma ya miƙe ta. Sau uku ina lotsa ta, sau uku yana miƙewa, har na sayi ta biyu na ɓoye a ƙarƙashin buhu. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Da ruwa ya sauka sai ya ajiye basilla ya koma ƙauye. Can ya haɗa gayya, suna nome gonakin matan da mazajensu suka mutu, ba ruwansu da mai zuwa coci ko mai zuwa masallaci. Akwai wani Tanko da kowa ya sani a gidan burkutu, Yohanna ya yi ta binsa har ya miƙa masa garma, Tankon ya zama shi ke gaba a kunyar noma. Na taɓa tambayarsa me yake samu a wannan wahala. Ya ce littafinsu ya ce a kula da gwauraye da marayu, shi kuma bai iya wa'azi ba, noma ya iya. Na ce masa wahalalle.

Daga tiya na koma ga iri. Wani dillali ya nuna mini hanya. Ka sayi tsohuwar masara mai araha wadda ƙwari suka fara ci, ka tankaɗe, ka zuba mata jan rini ta yi kama da irin zamani mai magani, ka ɗure a leda mai hoton masara. Manomi in ya ga ja, hankalinsa ya kwanta. Na kai Bakori, na kai Mahuta, ina sauya kasuwa kada a gane fuskata.

Rannan Yohanna ya zo ya ce gayyarsu ta haɗa hannu za su sayi irin zamani, gona goma sha ɗaya. Ya ce ya gaya wa matan abokinsa ke sayarwa, ba sai sun je wani wuri ba. Ina da damar in ce ya ƙare. Kalma biyu ce. Amma na dubi yawan ledojin da zai ɗauka, na ɗora masa a babur da hannuna, har da yi masa fatan damina mai albarka.

Ku da ba ku taɓa riƙe fartanya ba, ku sani shuka ba ta jiran kowa. Kafin a gane iri bai tsiro ba an yi mako biyu, kafin a samo wani a sake, damina ta yi nisa. Gonakin nan sun fito jefi-jefi, abin da ya tsiro ma bai yi goyon kirki ba. Mutanen ƙauye suka ce Yohanna ya haɗa baki da abokinsa na birni sun ci kuɗin gwauraye. Mutumin da ya yi shekaru yana gina sunansa da garma, na rushe masa a damina ɗaya. Da ya zo ya tambaye ni, na rantse masa ni ma cutata aka yi. Ya dube ni ya ce, "To, aboki."

Manoman Bakori ne suka kama ni, suka miƙa ni ga hukuma, alƙali ya yanke mini shekara uku. Dillalin da ya koya mini ko ƙurarsa ban sake gani ba. Abokan cin tsire duk suka watse. Wa ke zuwa duk wata? Yohanna. Ya zo da ƙuli-ƙuli da garin rogo a leda, ya zauna yana ba ni labarin 'ya'yana, don har gidana yake leƙawa. Na ce masa, "Wai kai ba ka da zuciya ne? Me kake nema a wurina?" Ya ce, "An ce mu ziyarci na kurkuku, ba a ce sai wanda ya yi mana daɗi ba." Wallahi ji na yi kamar in jefe shi da ledar.

Daga bakin matata na ji halin da yake ciki. Gayya ta watse, Tanko kaɗai ya rage masa. A coci an karɓe ajiyar kuɗin da aka ba shi riƙo. Abu ɗaya zai wanke shi, in buɗe baki in ce ni na rina irin kuma shi bai san komai ba. Duk zuwan da zai yi sai in ce yau zan faɗa, in ya tashi tafiya sai in ce bari sai wata mai zuwa. Na ga yana ramewa, yana tari, na ce sanyi ne. Daga baya ya daina zuwa, ni kuwa har daɗi na ji, na ce ya gaji ya huta da ni.

Da aka sallame ni na kwana biyu a gida, na hau mota zuwa Malumfashi, na hau babur zuwa ƙauyen. Na shirya maganata tsaf. A ƙofar gidan Yohanna na tarar da Tanko yana gyaran ƙotar garma, shi ya gaya mini an binne Yohanna mako uku da suka wuce.

Na roƙi a tara mini mutane a ƙofar mai unguwa. Na tsaya na faɗi komai, rinin da ledar da rantsuwar ƙarya. Wata tsohuwa ta tofar da yawu a gabana, kuma ta yi daidai. Sai Saratu, matar Yohanna, ta ce, "Malam, ai ya sani. Tun makon da shuka ta ƙi fitowa ya jiƙa ragowar irin a ƙwarya, jan ya fita, ya ga hudar ƙwari. An kira shi shaida a kotu ya ƙi zuwa, ya ce in ya yi magana za a ƙara maka shekaru, 'ya'yanka kuma ƙanana ne. Na yi faɗa da shi har na gaji. Ya ce za ka zo ka faɗa da bakinka." Ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Ga shi kuwa ka zo."

Ban koma kasuwa ba. Na tuba ga Allah, ina nan kan addinina, kuma duk damina ina ƙauyen nan a bayan Tanko, don gayya ta dawo, har ta fi da yawa. Wasu matan har yau ba sa amsa gaisuwata, ina nome musu gona a haka. Har yanzu in na tuna Yohanna haushi nake ji. Wane irin taurin kai ne mutum ya bari a kira shi ɓarawo saboda ɓarawo?

Samari, na san ku, kuna ji kuna cewa ku kun fi ni wayo. Ba zan ce muku gidan yari ne abin tsoro ba, shekara uku tana ƙarewa, ga ni na fito. Abin da nake ce muku shi ne, kada ku fara, ko da ƙwaya ɗaya ce a awo. In kuma kun riga kun cuci wani, yana raye, kun san ƙofar gidansa, ku tashi yau ku je ku faɗa masa. Ni na ce sai wata mai zuwa. Gaskiyar da na kai ƙauyen nan kowa ya ji ta, ban da mutumin da ya yi shekara uku yana jiranta.