Tabon da Na Auna a Zauren Maamobi

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, sana'ata ɗinki, kuma abin da zan faɗa ya shafi gidan mutane, ba nawa ba. Sau biyu ina farawa a bayan littafin da nake rubuta awon masu kawo ɗinki, ina yagewa, don tsoron kada in faɗi abin da ba haka yake ba a kan mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Sai da na nemi izinin mai gidan, ta ce in rubuta amma ban da sunan kowa, sannan na zauna.

Gidan da muke haya a unguwar Nima ta birnin Accra tun ina yaro, magada suka sayar da shi. Wanda ya saya zai rushe ya gina bene. Aka ba mu wata uku, ga damina tana matsowa. Ni ban damu da kaina ba, ko a shago sai in shimfiɗa tabarma. Damuwata Mma ce, mahaifiyata, wadda gwiwoyinta ba sa hawa matakala. Ƙanwata da ke aure a Madina, wata unguwa can gefen Accra, ta ce Mma ta koma wajenta. Mma ta ce, “In na mutu a Madina, wa ya san ni da zai yi mini wanka? Nan aka san ni.” Daga nan maganar ta ƙare.

Akwai abin da ya kamata in faɗa game da kaina. Tsohon gidanmu yana kusa da babbar gota, wato magudanar ruwan unguwa. Wata shekara ruwa ya shigo mana da hantsi, ya kai bakin gado, na goya Mma har dakalin masallaci. Tun ranar ba na shiga ɗaki ban dubi gindin bango ba. Ambaliya tana barin layi a bango, ko an shafe da fenti ana gane shi in an kula. Don haka duk inda za ni neman ɗaki, tef ɗin awona yana rataye a wuyana.

Na samu ejan, wato mai nuna wa mutane ɗakin haya, wani dogon mutum mai baki, wanda yake haɗa Hausa da Twi da Turanci a numfashi ɗaya. Mako shida muna yawo. A Nima aka haife ni, amma sai a lokacin na san ban san ta ba. Muka bi lungunan da in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya manne da bango, kuma wanda ya manne ɗin shi ne zai fara gaisuwa. Nan gidajen Zabarmawa, can na Kotokoli, gaba kaɗan Mosawa da Dagwamba da Yarbawa, kowa da ɗan masallacinsa, duk da Hausa ake cinikin koko da ƙosai a bakin ƙofa. Kowane gida muka shiga sai an ba mu ruwan sha kafin a tambayi abin da ya kawo mu. Ni kuwa ina shanye ruwan sai in durƙusa in fara auna bangon mutane.

“Masta Tela,” in ji ejan, “ɗaki kake nema ne, ko kaftani za ka ɗinka wa bango?”

A mako na shida ya kai ni wani tsohon gida a Maamobi, maƙwabciyar Nima, a kan tudu. Zaurensa yana da faɗi, da dakali a jikin bango uku, da wata ƙofa a gefe a rufe. A ciki akwai ɗaki ɗaya da babu kowa: ƙasa a bushe, taga tana kallon tsakar gida, famfo taku goma. Mai gidan wata dattijuwa ce da kowa ke kira Hajiya, tana zaune tana tsintar wake. Na dubi gindin bangon ɗakin, babu komai. Har na fara hango inda gadon Mma zai zauna.

Da za mu fita ne idona ya faɗa kan bangon zauren. Wani tabo mai duhu, mai sheƙi, ya zagaye bango ukun a saman dakali. Ban nemi izini ba, na zare tef na auna. Daga ƙasa zuwa ƙarshen tabon, inci arba'in. Ruwan da ya kai nan ya wuce ƙugun Mma.

Hajiya ta biyo mu rakiya, tana tsaye tana kallona. Na ce, “Hajiya, ashe ruwa yana shiga gidan nan.”

“Wane ruwa?”

Na nuna mata. Ta dubi bangon, ta dube ni, ta ce, “To. Allah ya ba ka wanda ya fi wannan.”

A waje ejan ya kama kai. “Chale, abokina, gidan yana kan tudu! Ruwa tsani yake da shi?” Na ce ni dai abin da idona ya gani na gani. Da na natsu da na lura tabon bai taɓa ƙasa ba, a tsakiyar bango yake, kuma ambaliya ba ta farawa daga tsakiya. Amma mai tsoro ba ya ƙarasa kallo.

Mako biyu suka ƙara wucewa babu ɗaki. Ruwan farko ya sauka, an riga an fara cire kwanon ɗakunan maƙwabtanmu da suka tashi. Na daina cin abinci sosai. Wata rana bayan la'asar Mma ta ce in ba ta labarin gidajen da na ƙi, ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan zaure mai dakali uku da ƙofa a gefe, ta ajiye carbinta.

“Akwai darbejiya a ƙofar gidan?”

Na ce akwai kututturenta.

“Gobe ka kai ni.”

Tasi ta ajiye mu a bakin lungu, muka taka a hankali tana dafe da kafaɗata. Muna shiga zauren ta yi sallama, ba ta jira amsa ba ta zauna a kan dakalin, ta jingina. Bayanta ya rufe tabon daidai, kamar an auna.

“To, Tela,” ta ce, “auna yanzu.”

Hajiya ta fito. Suka gaisa doguwar gaisuwa irin ta tsofaffi, gida da gajiya da jikoki, kowace tana leƙen fuskar 'yar'uwarta. Sannan Mma ta ce a nan ta fara kwana a Ankara, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran Accra. Ita da babana suka zo daga arewa a saman motar albasa, tana amarya, ba su san kowa ba. A tasha wani ya ce musu su nemi gidan Baba mai masauki.

“Ke ce kika ƙi cin kenke, tuwon masarar nan mai tsami, kika ce ya lalace?” in ji Hajiya.

“Ke ce 'yar da ta yi ta yi mini dariya har Baba ya kore ki!”

Suka riƙe hannun juna suna dariya, ni ina tsaye da tef a wuya ban san inda zan sa kaina ba.

A ranar na ji tarihin gidan. Mahaifin Hajiya ya zo lokacin da wajen nan daji ne da makiyayar shanu. Ya nemi fili a hannun dattawan Ga, masu ƙasar, ya fara gina zauren kafin ɗakin kwanansa. Fataken goro da na shanu da na albasa, da duk wanda mota ta sauke bai san inda za shi ba, nan ake turo su. Kwana uku ana ba mutum tuwo da wurin kwana ba a tambayi ko sunansa ba. A rana ta huɗu Baba zai zauna da shi ya ji abin da ya iya, ya nema masa aiki ko ɗaki, ya tsaya masa a gaban mai gidan haya. A kan dakalin nan suke zama suna jira. Gumin bayansu da man kaɗe da shunin riguna, shekara da shekaru, su suka yi tabon.

“Ruwa ne kam,” in ji Hajiya, “amma daga jikin mutane ya fito. Har da na ubanka.”

Na yi ta ba ta haƙuri. Sannan na tambayi ɗakin. Ta ce kwana biyu bayan tafiyata wani direban trotro, ƙaramar bas ɗin haya, ya kama shi, har ya tare da iyalinsa. Na zauna a dakalin nima.

Hajiya ta tashi ta buɗe ƙofar nan ta gefe. Ɗaki ne mai tsabta, da gado da tabarma da buta. Ta ce wasiyyar Baba biyu ce: kada a shafe bangon zaure, kada a ba da wannan ɗakin haya, na baƙi ne. Ni da rashin hankalina sai na ce ko nawa ne zan yi ƙoƙari.

“Ka auna bangona, yanzu kuma ubana za ka auna? Ba haya ba ne. Uwarka baƙuwa ce, ta taɓa kwana a ciki. Ta zauna har wani ɗakin ya samu.”

Maimakon in yi godiya in yi shiru, sai wata damuwar ta taso mini. Na ce, “To in baƙo na gaske ya zo fa, ya tarar an tare masa wuri? Alhakin yana kan wa?”

“Kana da shago, ko ba ka da shi?” in ji Hajiya.

Haka aka yi. A tsakiyar damina ta aiko mini da wani mutum da ya zo neman ɗan'uwansa a kasuwar albasa ta Agbogbloshie bai same shi ba. Ya kwana uku a tsakanin kekunan ɗinkina. Ba zan ɓoye ba, ranar farko na kwashe almakasai da yadin mutane na kai maƙwabta. Da safe na tarar ya share shagon har ƙarƙashin tebur, kunya ta kama ni, na dawo da su a gabansa. Kwana ukun nan da ban tambaye shi sunansa ba sun fi mini makon nan shida wahala. A rana ta huɗu na raka shi wajen wani mai gyaran takalma da ke neman mataimaki, na tsaya masa.

Damina ta wuce, ɗigo ɗaya bai shiga inda Mma take ba. Bayan wata bakwai wani ɗaki ya samu a cikin gidan, ta koma, aka share na baƙi aka rufe. Yanzu kullum da hantsi ita da Hajiya suna zauren suna musu a kan wa ya girmi wa.

Abin da ya sa na daure na rubuta shi ne, jikokin Hajiya sun fara maganar manna tayil a zauren. Ba mugunta ba ce, su dauɗa suke gani, kamar yadda ni na ga ambaliya. Hajiya kuwa ba ta san komai da komai ba. Ba ta ma tabbatar da garin da mahaifinta ya fito ba: wasu sun ce ƙasar Zabarma, wasu sun ce ta Salaga ya biyo daga ƙasar Hausa. Ba ta san mutumin da ke tsayawa a tasha yana turo baƙi ba, wanda ya turo iyayena.

Don haka ina roƙo. In kai ko mahaifinka ko kakarka kun taɓa sauka a wani gida a kan tudun Maamobi, mai dakali uku a zaure da darbejiya a ƙofa, ko kun ji tsofaffi suna ambaton mai masaukin nan da inda ya fito, don Allah ku zo ku faɗa wa Hajiya da jikokinta da bakinku tun tana da rai. In kuma na yi kuskure a wani wuri, ku gyara mini. Ba zan ji haushi ba, zan ma fi samun barci.