Tambayar da Ban Yi wa Yaya Ba

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, ina malamin asibiti a Makarfi, aka haɗa ni da wani likita Bature daga Zariya mai binciken ƙwaƙwalwa. So yake ya gano me ya sa masifa iri ɗaya takan sami mutum biyu, ɗaya ya miƙe ya koma gona, ɗaya kuma hankalinsa ya taɓu. Ni ne tafinta. Ya ce in na yi ƙoƙari zai sa a tura ni ƙaro karatu, ni ma in zama mai bincike. Wallahi na ƙwallafa rai.

Aikin kuwa wahala zalla. Mota ta sauke mu Ikara, mu hau keke zuwa Janfalan, wata rana kuma Taba, ga laka, ga takardar tambayoyi da ba ta ƙarewa. Wanda amsarsa ta nuna yana cikin ƙunci, a kai shi Zariya, a manna masa wayoyi a ka a duba, a ba shi magani. Wanda ya ce lafiya, a rubuta shi cikin masu juriya a wuce.

Har muka iso garinmu, Nasarawan Doya. A wannan shekarar, gobara ta cinye gonar raken yayana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ƙyanda kuma ta kashe masa 'ya'ya biyu. Don haka mai unguwa ya sa shi cikin waɗanda za a gani.

Muka zauna a zaurensa. Likita ya ce da Turanci in tambaye shi ko yakan yi kuka in ya kaɗaita, ko yakan ji rayuwar ta ishe shi. Haba! Mutumin da ko sunansa ban taɓa kama ba? Bakina ya ƙi. Na sunkuyar da kai na ce, "Yaya, ya ƙarin haƙuri?"

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Sai godiya."

Haka na yi ta yi. Duk tambaya mai nauyi sai in mai da ita gaisuwa, shi kuma ya amsa yadda ake amsa gaisuwa. Likita sai murna, wai ga irin mutumin da yake nema. Ni ma na ji daɗin an yabi gidanmu, kai, wauta dai!

Kafin damina ta zagayo Yaya ya daina zuwa gona, daga baya ya daina magana, sai ya wuni yana kallon bango. Lokacin likita ya koma ƙasarsu, zancen karatuna ya bi ruwa. Ni na kai Yaya Zariya da kaina. An yi magani, amma bai ƙara komawa daidai ba. Na gaji da zirga-zirga, na gaji da kaina.

Wata rana ina ɗaura kayan komawa Makarfi, matar Yaya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ashe likitan nan naku bai tambaye shi komai ba?"

Na ce me ta gani?

Ta ce, "Ran da za ku zo, tun da hantsi ya yi wanka ya sa rigar Juma'a. Ya ce mini yau zai faɗi duk abin da ke cinsa, tunda da ƙaninsa za a zo. Da kuka tafi ya shigo ya ce gaishe shi kawai kuka zo yi."